Kulocin Tsohuwar A-kori-kura: Wanne Ne Mai Araha?

    

Sharhinmu na yau a kan kuloci ne, kulocin tsohuwar a-kori-kura. Wataƙila wani ya ce, duk matsalolin da ke ƙasar nan a rasa abin magana sai kuloci? To, a yi haƙuri a saurara. A nan Filato, abincin jama'a da yawa a bayan a-kori-kura yake tafiya. Dankalin Bokkos, masarar Mangu, doyar Shendam, da kabeji da karas da tumatirin da ake saukewa a kasuwar Farin Gada tun da asuba. Ranar da kuloci ya ƙone a hanya, direba ya yi asara, mai kaya ya yi asara, manomi ma ya yi asara. Tumatir ba ya jiran makanike.

Magana ɗaya nake so ku riƙe daga farko har ƙarshe. Kuloci mai araha shi ne wanda za a sauke giyabos sau ɗaya saboda shi. Bari in sake faɗa. Kuloci mai araha shi ne wanda za a sauke giyabos sau ɗaya saboda shi. Domin kafin a kai ga kuloci, sai an kwance giyabos an ajiye shi a ƙasa. Aikin wuni ne. Akwai kuɗin makanike, akwai lodin da ya wuce ka a ranar. Wanda ya sayi na banza zai biya wannan kuɗin sau biyu.

Bari mu fara da motocin kansu. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975. Daga can a-kori-kura 404 da 504 suka bazu a ƙasar nan, kuma har gobe akwai masu ci da iyali da su. Sai Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan tun 1968. Ga Nissan, ga Isuzu, ga Mitsubishi L200. Da yawansu sun shigo ne a matsayin 'yan Beljiyam, bayan sun gama aiki a Turai. Yau wasunsu sun haura shekara talatin. An sauya inji, an sauya giyabos, wani lokaci ma na wata motar daban aka ɗora. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, me ya sa motocinmu na Jos suke cin kuloci haka? Dalili na farko, tudu. Jos tana kan tsauni, kimanin mita 1,200 sama da teku. A irin wannan tsawo iska ba ta da kauri. Injin da ba shi da turbo yakan rasa wajen kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa. Motar da ke tashi da lodi salin-alin a Lafiya, idan ta hau Jos sai ta yi nauyi. Direba sai ya ƙara totur, ya riƙe rabin kuloci don ta tashi. A wannan riƙon ne kuloci yake cinyewa.

Dalili na biyu, lodi. Yawancin waɗannan motoci an yi su ne don kayan da bai wuce tan ɗaya ba. Mu kuwa mun san abin da ake yi ranar kasuwar Mangu ko Maikatako. Sai an jera buhuna har sun wuce kan direba, sannan mutum biyar su hau sama. Dalili na uku, hanyoyin gona da damina. Mota ta kafe a laka, direba ya yi gaba ya yi baya, hayaƙi na tashi daga ƙasa. Minti goma na wannan kokawa yana iya cinye abin da tafiyar wata da watanni ba ta ci ba.

Yanzu mu leƙa ciki mu ga abin da muke magana a kai. Ku haɗa tafin hannuwanku biyu ku matse. Idan ɗaya ya juya, ɗayan zai bi shi. Idan kuka sassauta, sai ɗaya ya riƙa zamewa a kan ɗayan, har ku ji zafi. Aikin kuloci ke nan. A bayan inji akwai babban farantin ƙarfe, wanda makanikai ke kira fulayiwil. Akwai faifan kuloci da ke manne da shi. Akwai murfin ƙarfe mai sifirin da ke matse faifan. Sai ɗan boris da ke danna murfin idan ka taka feda. Faifai, murfi, boris. Tare suke aiki, tare suke tsufa.

Mataki na farko kafin a je kasuwa: a tabbatar kulocin ne ya mutu. Ga alamominsa. Kana hawan tudu da lodi, ka taka totur, inji ya yi kuka, amma mota ba ta ƙara sauri ba. Sai wani ƙauri ya shigo ta taga. Wannan faifai ne yake zamewa. Akwai gwaji mai sauƙi. Nemi fili inda babu kowa a gabanka. Ja birkin hannu, sa giya ta uku ko ta huɗu, ka saki kuloci a hankali. Idan inji ya mutu nan take, faifan yana kamawa. Idan inji ya ci gaba da aiki bayan ka ɗauke ƙafa, faifan ya gama yayi. Gwajin na ɗan lokaci ne, kada a daɗe ana yi.

Amma a kula. Idan giya ce take ƙin shiga, ko feda ta faɗi ƙasa babu ƙarfi, kada a yi saurin kwance giyabos. Hilux da 504 da mai kulocinsu yake aiki. Akwai famfon sama kusa da feda, akwai na ƙasa a jikin giyabos. Idan robar ɗayansu ta lalace, ko iska ta shiga layin, giya za ta ƙi shiga alhali faifan lafiyarsa ƙalau. Wannan ƙaramin gyara ne, daga waje ake yinsa. Don haka ka tambayi makanikenka, oga, ka duba famfo tukuna? Makanike na gari ba ya jin haushin wannan tambaya.

To, an tabbatar kulocin ne. Mu shiga kasuwa. Idan ka je kasuwar Dilimi a nan Jos, ko ka aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, ko Nnewi, mai shago zai tambaye ka, Alhaji, wanne kake so, mai kyau ko na lallaɓawa? Kaya iri huɗu ne a gabansa.

Na farko, sabo daga kamfanonin da aka sani da wannan aiki. Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Kamfanonin mota sukan sayi kuloci ne daga wasu maƙera. Aisin na Japan ɗan gidan Toyota ne, kuma yana yi mata kuloci. Exedy ma na Japan ne, shi ne tsofaffin makanikai suka sani da sunan Daikin. Valeo na Faransa ya daɗe yana yi wa Peugeot. Sai LuK da Sachs na Jamus. Ma'ana, ba dole sai kwalin da ke ɗauke da tambarin motarka ba. Kana iya samun kaya mai inganci a kwalin maƙerin kansa, galibi da sauƙin kuɗi. A nan ne inganci da rangwame suke haɗuwa. Ga mai tsohuwar a-kori-kura da ke ɗaukar lodi kullum, wannan nake ba da shawara.

Na biyu, ɗan Beljiyam. Wato wanda aka ciro daga motar da ta yi aiki a waje. Kada a raina shi. Sau da yawa orijina ne, kuma ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Matsalarsa ɗaya. Kuloci abu ne da ke cinyewa, kuma ba ka san ƙafar da ta taka shi kafin taka ba. Kaurin faifai ido yana gani. Gajiyar sifirin ɗin murfi kuwa ido ba ya gani.

Na uku, wanda aka sake wa fuska. A cire tsohon lainin, a buga sabo da ribiti a kan tsohon ƙarfe. Akwai masu hannu a wannan sana'a, kuma ta ceci motoci da yawa da kayansu suka yi wuya, irin 404. Amma sabuwar fuska ba ta gyara haƙoran tsakiya da suka cinye, ba ta gyara sifirin da ya saki. Na fita kunya ne, ba na hawan tudun Kibo da buhu ashirin ba.

Na huɗu shi ne abin tsoro. Jabu a cikin kwali mai kyau. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi, masu jabu suka samu kasuwa. Suna buga sunan manyan kamfanoni a kwali, har da tambari. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya tana kama irin waɗannan kaya lokaci zuwa lokaci, amma ba ta tsaye a kowane shago. Idonka ne hukumarka ta farko. Idan aka ce maka orijina ne amma kuɗinsa rabin na maƙwabcin shago, ka tambayi kanka dalili. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan zaɓen kuloci ga tsohuwar a-kori-kura. Mun ce kuloci mai araha shi ne wanda za a sauke giyabos sau ɗaya saboda shi. Yanzu mu zo kan abin da za ka duba da hannunka a gaban mai shago.

Da farko, kada ka je da sunan mota kawai. Ku tuna mun ce an sauya inji a yawancin motocin nan. Hilux mai injin fetur 22R daban, mai injin dizal 3L ko 5L daban, mai 3RZ daban. Jiki ɗaya ne, amma kulocin yana iya bambanta. Don haka ka san lambar injinka. Mafi kyau duka, ka bari a kwance tukuna, ka ɗauki tsohon faifai da murfi da boris ka tafi da su.

Ka ɗora sabon faifai a kan tsohon. Faɗinsu ya zo daidai? Ka leƙa ramin tsakiya, ka ƙirga haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Idan sun bambanta ko da ɗaya ne, ba zai shiga sandar giyabos ba. Ka girgiza faifan kusa da kunnenka. Ƙananan sifirin ɗin da ke kewaye da tsakiya kada su yi ta kwaramniya. Ka shafa lainin da yatsa. Kawunan ribiti su kasance sun nutse a ciki sosai. Idan na Beljiyam ne kuma ribiti ya kusa fitowa fili, ajiye shi. Idan ka ga maiƙo ko wani sheƙi kamar an goge, ajiye shi.

Sai murfi. Ka kifa shi ka dubi yatsun ƙarfen da ke tsakiya. Su tsaya daidai wa daida, babu wanda ya ɗaga, babu wanda ya kwanta. Bakinsu kada ya zama ya cinye. Fuskar da ke matse faifai ta zama sumul, babu tsaga, babu shuɗin tabon wuta. Ka gwada ramukan noti da na tsohon. Sai boris. Ka juya shi da yatsa. Ya juya lumui, babu ƙara, babu tsayawa. Sannan ka dubi rubutun kamfani a jikin ƙarfen kansa, kada ka tsaya a kwali. Kwali kowa yana iya bugawa.

Kuma ka yi ciniki a fili. Ka ce, maigida, idan bai shiga ba zan dawo da shi? A rubuta maka rasit da sunan kayan da lambarsa. Mai shagon da ya ƙi rubuta sunan abin da ya sayar maka, ya riga ya gaya maka gaskiya.

Wani zai ce, to me zai hana in sayi irin mai ƙarfin nan na motocin tsere, tunda lodi nake ɗauka? A'a. Irin wannan kamawa yake yi farat ɗaya. Mota ta riƙa fizga, giyabos da aksul su sha wahala, ƙafar direba ta gaji a cunkoson Terminus cikin garin Jos. Tsohuwar mota mai injinta na asali, kuloci irin na asali take so.

Mu juya ga ranar ɗaurawa, domin kaya mai kyau yana lalacewa a hannun gaggawa. Abu na farko, a sauya ukun tare. Faifai, murfi, boris. Wanda ya sa sabon faifai a ƙarƙashin gajiyayyen murfi, faifan zai zame ya ƙone da wuri. Wanda ya bar tsohon boris don ya rage 'yan kuɗi kaɗan, ranar da ya fara kuka sai an sake sauke giyabos. Akwai kuma ɗan ƙaramin boris ko bushi a tsakiyar fulayiwil. Ba shi da tsada. A sauya shi.

Abu na biyu, a dubi fuskar fulayiwil. Idan ta yi zane ko tabon wuta, a kai ta wurin masu injin gyaran ƙarfe su share ta. Idan ta tsage da zurfi, a nemi wata. Abu na uku, a duba yoyon mai. Akwai sil a bayan inji, akwai wani a gaban giyabos. Idan ɗayansu yana ɗiga, baƙin mai zai jiƙa sabon faifai, mota ta fara karkarwa tana zamewa. Tunda giyabos yana ƙasa, yanzu ne lokacin gyara shi.

Ga 'yan uwana makanikai, shawara biyu. A daidaita faifai a tsakiya kafin a ɗaure, a ɗaure notin murfi a hankali, wannan gefe sannan wancan. Kada a bar nauyin giyabos ya rataya a kan faifai, lanƙwasa shi yake yi. Sannan ƙurar da ke cikin gidan kuloci, kada a hura ta da baki ko da iska. Tsofaffin lainin da yawa suna da sinadarin asbestos, wanda ke lalata huhu a hankali. A jiƙa tsumma a goge. Ku koya wa yaranku na gareji wannan.

Yanzu kuma kai direba. An ɗaura sabo, saura ƙafarka. A kwanakin farko ka lallaɓa shi, kada ka fara da cikakken lodi a kan tudu. Ka ɗauke ƙafa daga feda idan ka gama sauya giya. Idan ka tsaya a hawa, ka ja birkin hannu, kada ka riƙe mota da rabin kuloci. Ka tashi da giya ta ɗaya idan akwai kaya. Kuma don Allah, a gangaren Hawan Kibo kada ka saki mota a firi don tsimin mai. Ka sa ƙaramar giya tun daga sama, inji ya taimaki birki. Motar da kulocinta ke zamewa ba ta samun wannan taimako yadda ya kamata, kuma duk wanda ya san wannan gangare ya san abin da hakan ke nufi. A nan maganar ta wuce kuɗi, ta zama ta rai.

Na san abin da wasu ke faɗa a zuci. Malam, kana magana kamar kuɗin a aljihu suke. Mai ya yi tsada, taya ta yi tsada, ga balas ɗin mai mota, ga kuɗin makarantar yara. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma kuloci ba ya mutuwa rana ɗaya. Yana ba da sanarwa. Feda ta fara kamawa can sama, ƙauri ya fara zuwa a kan tudu. Daga ranar ka fara ware wani abu daga kowane lodi. Ka shiga adashi idan da hali. Ka yi gyaran kafin dankali ya fito, lokacin da tsayuwar wuni ɗaya ba za ta cuce ka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kuma dole ta kama, ɗan Beljiyam mai kauri da makanikenka ya duba da idonsa ya fi sabon da ba a san uban da ya ƙera shi ba.

Ku masu motoci da kuke bai wa direbobi, kalma ɗaya gare ku. Idan direba ya ce kuloci yana zamewa, kada ku ce ya lallaɓa zuwa wata mai zuwa. Lallaɓawar nan ita ke ƙona fulayiwil, gyaran ya ninka. Ku je kasuwar tare, ku ga kayan, ku karɓi tsohon da aka cire.

Jama'a, mu tattara. A tabbatar kulocin ne kafin a kwance. A tafi kasuwa da tsohon a hannu. A nemi na maƙerin da aka sani. A sauya faifai da murfi da boris tare, a gyara yoyo, a share fulayiwil. Sayen nagari mayar da kuɗi gida. Kuloci mai araha shi ne wanda za a sauke giyabos sau ɗaya saboda shi.

Direbobinmu, ku rage lodi, ku rage sauri, iyali suna jira. Makanikai, ku faɗa wa mai mota gaskiya ko da ba ta yi masa daɗi ba. 'Yan kasuwar kayan gyara, ku kira jabu da sunansa, mai saye ya zaɓa da saninsa. Wanda ya ji wannan sharhi, ya isar wa ɗan uwansa da ke tasha. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a sana'a.